Zanen Furanni a Holan da Beljiyam a Zamanin Barok: Sana'ar, Masu Ita da Masu Sayenta

1.0 Gabatarwa

A gidan ajiye zane-zane na Mauritshuis da ke birnin Hague, a ƙasar Holan, akwai wani allo na katako wanda tsawonsa santimita 64 ne, faɗinsa kuwa 46. Ambrosius Bosschaert ne ya zana shi wajejen shekarar 1618. Abin da ke kan allon shi ne kwalbar gilashi cike da furanni kimanin iri talatin, an ajiye ta a bakin taga, ga ƙuda ya sauka a gefe, ga kuma katantanwar teku a kan dandamalin. Duk wanda ya tsaya gabansa sai ya rantse cewa da safe mai zanen ya tsinko furannin nan, ya tsoma su a ruwa, ya zauna ya kwaikwaye su kafin su yi yaushi. Amma fa mai lambu ba zai yi wannan rantsuwa ba, domin ya san furen tulif a watan Afrilu da Mayu yake buɗewa, wardi kuwa sai Yuni ya kama. Haɗa su cikin kwalba guda tamkar a ce an ga nunannen mangwaron bazara da ɗanyar gyaɗar kaka a faifai ɗaya ne, a zamanin da babu firji. Watau dai kowane fure a zanen gaskiya ne, amma damin furen gaba ɗaya bai taɓa wanzuwa ba.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin wannan irin zane, mu ga inda ya samo tushe, da mutanen da suka yi fice a kansa, da yadda suke aikinsu. Daga nan kuma mu tsoma baki cikin wata muhawara da ta daɗe tsakanin masana, watau ko waɗannan zane-zane wa'azi ne a kan ƙarewar duniya, ko kuwa haja ce ta masu alfahari da abin duniya. Kalmar Barok da muka yi amfani da ita laƙabi ne da masana suka ba salon zane da gini da kiɗa na Turai tun daga wajejen 1600 har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, salon da aka sani da yalwar ado da gwama haske da duhu. Shi kuwa zanen abubuwan da ba sa motsi, irin su abinci da kwanuka da furanni, sai wajejen 1650 mutanen Holan suka raɗa masa suna stilleven. Ashe sana'ar ta girmi sunanta da kusan shekara hamsin.

2.0 Tushen Sana'ar

Kafin ƙarni na 17 Turawa sun daɗe suna zana fure, amma a matsayin ɗan rakiya. Ana sa shi a gefen zanen Maryamu, ko a bakin shafin littafin addu'a, kuma kowane fure da ma'anarsa ta addini. Hans Memling ya taɓa zana tulun fure shi kaɗai wajejen 1485, amma a bayan allon hoton wani mutum ya yi shi, inda ba kowa ke gani ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa wajejen shekarar 1600 ɗan rakiya ya zama mai gida?

Dalili na farko ya shafi addini da yaƙi. A 1566 masu bin tafarkin Furotesta suka auka wa majami'u a ƙasashen da a yau ake kira Holan da Beljiyam, suka farfasa gumaka da zane-zane. Bayan haka aka shiga doguwar tawaye ga Sarkin Sifen, kuma a 1585 birnin Antwerp, wanda shi ne cibiyar ciniki da sana'ar zane, ya faɗa hannun sojan Sifen. Dubban attajirai da masu sana'a 'yan Furotesta suka yi ƙaura zuwa arewa, zuwa Middelburg da Haarlem da Amsterdam. A arewar kuwa majami'u ba sa sayen zane, saboda haka dole mai zane ya nemi kasuwa a gidajen fatake da masu sarautar gari, ya yi musu abin da za su rataya a ɗaki. Sai dai bai kamata mu ɗora wa wannan dalili kayan da ya fi ƙarfinsa ba, domin kamar yadda za mu gani nan gaba, wani babban malamin Katolika na cikin waɗanda suka fara raya sana'ar.

Dalili na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko nauyi, shi ne shigowar baƙin tsirrai. A tsakiyar ƙarni na 16 aka fara kawo furanni daga lambunan Turkawa na Santambul zuwa Turai, kuma sarkinsu shi ne tulif. Conrad Gessner ya ga tulif a wani lambu a Augsburg a 1559, ya bayyana shi a rubuce. Sunan ma kansa kuskuren ji ne: Turkawa lale suke kiransa, Turawa kuwa suka ɗauki kalmar Turkanci ta rawani suka liƙa masa. Irin wannan ruɗani ya sami wani fure mai ruwan ɗorawa da ake yawan gani a waɗannan zane-zane, wanda mutanen Holan ke kira ɗan Afirka, alhali kuwa asalinsa daga Meziko yake. A 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya koma Leiden don ya shugabanci lambun jami'ar garin, ya zo da tarin 'ya'yan tulif, ya kuma riƙa musayar iri da wasiƙu da masu lambu a ko'ina cikin Turai. Da aka kafa Kamfanin Holan na Gabashin Indiya a 1602, sai jiragensa suka ƙara da tangaran na Sin da katantanwar tekunan gabas. Duk waɗannan sun bayyana a kan allunan masu zane.

Wajibi ne mu fahimci cewa lambun attajiri a wancan zamani ba fili ne cike da fure ba. Ana shuka kowane iri ɗai-ɗai, da tazara a tsakani, kamar yadda ake jera kayan alfarma a kanta. Ba mai hankalin da zai yanke furen da ya saya da kuɗin gida ya tsoma a ruwa ya mutu cikin kwana uku. Damin fure irin na Bosschaert, mai ɗauke da iri talatin masu tsada, abu ne da ko sarki ba zai iya mallaka ba sai a zane.

Tulif ɗin da aka fi so shi ne mai zane-zanen ja ko shuɗi-shuɗi a kan fari, kamar harshen wuta, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Semper Augustus. Ba wanda ya san abin da ke kawo wannan ado, kuma ba a iya samar da shi da gangan, shi ya sa farashinsa ya yi ta hawa. A gwanjon da aka yi a Alkmaar ran 5 ga Fabrairu 1637 an sayar da ɗan tulif guda a kan gilda 5,200, a lokacin da ƙwararren mai sana'a ke samun kimanin gilda 300 a shekara. A cikin watan nan kasuwar ta rushe. An daɗe ana cewa rushewar ta talauta ƙasar baki ɗaya, amma binciken Anne Goldgar na 2007 ya nuna cewa an zuzuta labarin, asarar ta tsaya ne a kan wasu 'yan tsirarun masu hali. Shi kuwa adon, sai a 1928 Dorothy Cayley ta nuna a Ingila cewa cuta ce mai yaɗuwa daga tsiro zuwa tsiro. Ashe furen da aka fi zanawa, aka fi kashe wa dukiya, marar lafiya ne.

3.0 Magabata: Brueghel, Bosschaert da Seghers

Jan Brueghel Babba (1568 zuwa 1625) ɗa ne ga shahararren mai zane Pieter Bruegel. Ya yi zaman Italiya yana saurayi, inda ya sadu da Kadinal Federico Borromeo, wanda ya zama babban limamin Milan, ya kuma zame masa uban gida har ƙarshen rayuwarsa. Wasiƙun da Brueghel ya riƙa aika masa daga Antwerp suna nan, kuma su ne mafi ingancin shaidar da muke da ita a kan yadda aka fara wannan sana'a. A cikin wasiƙun 1606 ya sanar da Kadinal cewa yana zana masa damin fure mai ɗauke da furanni fiye da ɗari, dukkansu daga ido, har ma ya yi tattaki zuwa Brussels don ya ga waɗansu irin da ba a samu a Antwerp. Ya fara aikin tun farkon fitar fure, bai gama ba sai watan Agusta. A nan ne muka ga sirrin abin da muka ambata a gabatarwa: mai zanen yana bin furanni ne wata bayan wata, duk wanda ya buɗe sai ya ba shi gurbinsa a kan allo.

A gindin tulun Brueghel ya zana wani kayan ado na lu'ulu'u da 'yan tsabar kuɗi da katantanwa, ya ce Kadinal ya yanke hukunci da kansa ko furannin ba su fi zinariya da duwatsu masu daraja ba. Borromeo ya gane inda aka dosa. Ya rubuta daga baya cewa mai zanen na nufin farashin aikinsa daidai yake da na lu'ulu'u, kuma haka ya biya shi. Zanen yana nan a gidan Ambrosiana na Milan, wanda Borromeo ya kafa, tare da kwandon 'ya'yan itace na Caravaggio. An ruwaito cewa shi Caravaggio ya ce wahalar zana fure mai kyau ba ta gaza ta zana mutum ba, maganar da a lokacin ta saɓa wa abin da malaman sana'a ke koyarwa.

Ambrosius Bosschaert (1573 zuwa 1621) yana cikin 'ya'yan masu ƙaurar da muka ambata. A Antwerp aka haife shi, iyayensa suka gudu da shi Middelburg saboda addini. Garin kuwa na fatake ne masu sha'awar lambu, kuma ɗaya ne daga cibiyoyin Kamfanin Gabashin Indiya. Salonsa a bayyane yake: fure mafi tsada a ƙoli, sauran a jere dama da hagu daidai wa daida, kowanne ya fuskanci mai kallo, babu wanda ya tare wani, haske kuma ya game su duka. Mai saye yana iya bin su da yatsa yana kiran sunayensu kamar mai ƙirga dukiya. Wani mai kallo na yau zai ce zanen ya yi sanƙarau, kuma ba za mu musa masa ba, amma abin da aka saya ke nan. Bosschaert ya rasu a Hague a 1621, ya je kai wani zanen fure da aka biya shi gilda 1,000 a kansa. Ya bar 'ya'ya maza uku masu zanen fure, da ƙanen matarsa Balthasar van der Ast, wanda ya shahara da zanen katantanwa da ƙadangaru, kuma ta hannunsu sana'ar ta yaɗu zuwa Utrecht da Delft.

A kudu, inda Katolika suka ci gaba da mulki, fure ya koma bauta wa addini ta wata sabuwar hanya. Brueghel da Hendrick van Balen sun yi wa Borromeo zanen Maryamu kewaye da zoben furanni wajejen 1607 zuwa 1608, ɗaya ya zana mutane, ɗaya ya zana fure. Daga baya Brueghel ya yi irin wannan haɗin gwiwa da Rubens. Almajirinsa Daniel Seghers (1590 zuwa 1661) ya shiga ƙungiyar 'yan Jesuit a 1614, ya ƙare rayuwarsa yana zana irin waɗannan zobba. Ba a kai aikinsa kasuwa yadda ake kai na sauran, ƙungiyarsa ce ke aika shi kyauta ga sarakuna, har da gidan sarautar Orange na 'yan Furotesta, su kuma su mayar da tukuici na zinariya. Sauran ƙasashe ma sun sami nasu gwanaye, irin su Mario Nuzzi a Roma, da Juan de Arellano a Madrid, da Jean-Baptiste Monnoyer a Faransa, amma ba za mu tsaya kansu ba.

Wanda ya haɗa tsanakin arewa da yalwar kudu shi ne Jan Davidsz de Heem, haifaffen Utrecht a 1606, wanda ya koma Antwerp wajejen 1636. A hannunsa damin fure ya saki jiki: karare suna lanƙwasa, zangarniyar alkama tana leƙowa, wani fure ya juya baya, wani ya nutse cikin duhu, ga hoton tagar ɗaki a jikin kwalba. Willem van Aelst ya ƙara da karkata damin gefe guda, kamar yadda ake gani a zanensa na 1663 mai agogon aljihu. Daga nan ne za a ce zanen fure ya zama Barok na sosai.

4.0 Yadda Ake Aikin

Magabata sun fi son allon katako ko farantin jan ƙarfe, domin santsinsu yana karɓar layi siriri kamar gashi. Daga baya aka fi amfani da ƙyalle. Akan fara da shafe, sa'an nan a sa tabon launi a gurbin kowane fure, a bari ya bushe, a riƙa bin sa da fenti mai ruwa-ruwa shafi bisa shafi har launin ya yi zurfi. Raɓa da ƙwari da jijiyoyin ganye su ne na ƙarshe. Ba kullum ake zana fure daga ido ba. Masu zane suna ajiye samfura a takarda, shi ya sa akan ga tulif guda, da lanƙwasarsa da komai, a zane uku ko huɗu na mutum ɗaya ko na almajiransa. Otto Marseus van Schrieck, wanda ya ƙware a zanen gindin daji, yana kiwon macizai da ƙadangaru don aikinsa, kuma bincike ya tabbatar cewa yakan danna fiffiken malam-buɗe-littafi na gaske a kan ɗanyen fenti, ƙurar launin ta manne.

Launukan kansu kayan fatauci ne. Shuɗi mafi tsada daga dutsen lazward na Badakhshan a Afganistan ake niƙa shi, ja mai kyau kuwa daga wani ƙwaro na Meziko. Kore sau da yawa haɗi ne na shuɗi, wani lokaci shuni irin wanda marina suka sani, da rawaya ta tsirrai. Ita wannan rawaya ba ta jure haske, saboda haka a zane-zane da dama ganyayen da aka yi kore sun koma shuɗi. Akwai kuma wata rawaya mai sinadarin arsanik da ke lalacewa da daɗewa. A wani zanen Abraham Mignon da ke Rijksmuseum a Amsterdam akwai wardi rawaya da ya zama tabo shafaffe a tsakiyar furanni masu rai, kuma wani bincike da aka buga a 2022 ya yi amfani da na'urorin haske ya gano inuwa da layukan da ido ba ya gani yanzu. Wannan gargaɗi ne ga mai nazari: kada ya gina hukunci a kan launin da ba shi mai zanen ya sa ba.

5.0 Wa'azi ko Haja?

Tun daga aikin Ingvar Bergström na tsakiyar ƙarni na 20, masana da yawa sun karanta waɗannan zane-zane a matsayin wa'azi. Hujjarsu ita ce mutanen Holan na wancan zamani masu karatun Littafi Mai Tsarki ne, inda aka sha kwatanta ran ɗan Adam da furen da ke buɗewa da safe ya bushe da maraice. Bisa wannan fahimta, ganyen da ya faɗo mutuwa ce, tsutsa da ƙuda ruɓewa ce, malam-buɗe-littafi tashin ƙiyama ne, agogo kuwa ba ya bukatar fassara. A 1983 Svetlana Alpers ta ƙalubalanci wannan hanya, ta ce zanen Holan sana'a ce ta bayyana abin da ido ya gani, 'yar'uwar taswira da madubin ƙara girma, ba kacici-kacici ba ne da ake warwarewa. Norman Bryson kuma a 1990 ya mai da hankali ga kuɗi da kasuwa, ya lura cewa babu furen daji a matsayin sarki a waɗannan damuna, sai wanda aka yi wa wahala aka kashe wa dukiya.

Ra'ayinmu shi ne a bar kowane zane ya kawo shaidarsa. Akwai waɗanda wa'azinsu ba ya ɓoyuwa. Zanen Maria van Oosterwijck na 1668 da ke Vienna yana da ƙoƙon kan mutum da agogon yashi da littattafai a gefen furanni, ita kuma 'yar limamin majami'a ce. Haka nan Jan Brueghel Ƙarami ya yi wani zane wajejen 1640 inda ya mai da 'yan cinikin tulif birai, kuma ba a bukatar malami ya fassara shi. To amma idan mai zane yana da hanyar faɗin mutuwa a fili haka, me zai sa mu ɗauka cewa duk ƙudan da ya zana mutuwa yake nufi? Ƙuda yana da wani aiki daban: tun zamanin Girkawa ake yabon mai zanen da ya ruɗi ido, kuma ƙudan da mai kallo zai kai hannu ya kora shi ne tambarin gwaninta. Bugu da ƙari, takardun rabon gado na wancan zamani, waɗanda ke lissafa kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, galibi tukunyar fure kawai suke kiran irin wannan zane, su sa masa farashi.

Shaidar Borromeo ta fi kowace ƙarfi a wurinmu, domin shi malamin addini ne, kuma ya rubuta abin da yake ji. Bai yi zancen mutuwa ba. Abin da ya faɗa shi ne idan hunturu ya rufe ƙasa da ƙanƙara yakan sami daɗi da kallon furannin da ba sa bushewa, kuma yana ganin hikimar Mahalicci a cikin ƙananan halittu. Wannan ibada ce, amma ta mamaki da godiya. Idan kuwa haka ne, zanen bai tsaya ga tuna wa mutum cewa fure na mutuwa ba, yana ma yi masa alkawarin furen da ya fi na lambu daɗewa, kuma wannan alkawari shi ake saya. Attajirin Middelburg yana iya kallon allo guda ya tuna lahira ran Lahadi, ran Litinin kuma ya nuna wa baƙo Semper Augustus ɗinsa, ba tare da ya ji ya saɓa wa kansa ba. Mu ne a yau muke neman ya zaɓi ɗaya.

6.0 Ƙasƙancin Daraja da Tsadar Farashi

Malaman sana'a ba su ɗauki zanen fure da muhimmanci ba. André Félibien, a gabatarwar da ya yi wa laccocin 1667 na makarantar zane ta Sarkin Faransa, ya jera nau'o'in zane hawa-hawa, ya sa na tarihi da addini a sama, na fure da 'ya'yan itace a can ƙasa. Samuel van Hoogstraten a 1678 ya kwatanta masu irin wannan zane da ƙananan sojoji a rundunar sana'a. Hujjarsu ita ce kwaikwayo ne kawai, ba ya bukatar tunani. Kasuwa dai ba ta saurare su ba.

Wannan raini ya buɗe wa mata ƙofa. Ba a yarda mace ta koyi zanen jikin mutum daga tsiraici ba, wanda shi ne sharaɗin zanen tarihi, amma ba wanda ya hana ta fure. Clara Peeters, wadda ta yi aiki a farkon ƙarni na 17, takan zana 'yar fuskarta a jikin kofin ƙarfe mai sheƙi, kamar mai cewa ga ni nan. Maria van Oosterwijck (1630 zuwa 1693) ba ta yi aure ba, ta sayar wa Sarki Louis na 14 na Faransa da Sarki Leopold na 1 da William na 3 na Ingila aikinta, har ma ta koya wa baranyarta zane.

Wadda ta fi su duka ita ce Rachel Ruysch (1664 zuwa 1750). Mahaifinta Frederik Ruysch likita ne masanin sassan jiki da tsirrai a Amsterdam, mai tarin halittu da aka adana cikin kwalabe, tarin da Sarki Peter na Rasha ya saya a 1717 a kan gilda 30,000. A cikin wannan gida ta tashi, tana ganin ƙwari da tsirran Surinam da na kudancin Afirka tun kafin ta iya riƙe buroshi. Tana da shekara 15 aka kai ta koyo wurin Van Aelst. Ta auri mai zane Juriaen Pool a 1693, ta haifi 'ya'ya goma, ba ta ajiye sana'a ba. Daga 1708 zuwa 1716 ita ce mai zanen fadar Johann Wilhelm a Düsseldorf, tana aika masa aiki daga gidanta. An ƙiyasta cewa zanenta kan kai gilda 750 zuwa 1,200, alhali da wuya Rembrandt ya sami fiye da 500 a zane guda yana raye. A 1723 ita da iyalinta suka ci cacar gwamnati ta gilda 75,000, duk da haka ta koma kan allo, kuma a ƙarshen rayuwarta takan rubuta shekarunta kusa da sunanta, har zuwa 83. Abin da ya bambanta ta, a ganinmu, shi ne ta san yadda kara ke ɗaukar nauyin fure, saboda haka damin nata yana da ciki da baya, iska na ratsa shi. Duk da wannan, sai a 2024 aka shirya mata babban baje koli nata na kanta, a Munich, aka kai shi Amurka a 2025.

Abokin gasarta shi ne Jan van Huysum (1682 zuwa 1749), wanda wajejen 1720 ya bar baƙin bango ya koma mai haske, ya sa furanninsa cikin tulunan yumɓu a fili cikin lambu. Sarakunan Jamus da attajiran Ingila sun yi ta rububin aikinsa. Mutum ne mai ɓoye sirrin sana'a, ba ya barin kowa ya shiga ɗakin aikinsa. Almajira ɗaya aka san ya karɓa, Margareta Haverman, wadda makarantar zane ta Faris ta karɓa a 1722, ta kore ta bayan shekara guda bisa zargin cewa aikin malaminta ta gabatar, zargin da ba a tabbatar ba. Waɗansu zane-zanensa suna ɗauke da shekara biyu, kamar wanda ke Landan mai 1736 da 1737, domin furen da ya kuɓuce masa bana sai ya jira shi baɗi. A wata wasiƙa ta 1742 ya ba Sarkin Mecklenburg haƙuri a kan jinkirin wani aiki, ya ce bara bai sami wardi rawaya ba, da ya samu da tuni ya gama.